Kafin katafila ta iso: amsa ga masu son ceto filin shaƙatawar unguwarsu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna da filin shaƙatawa a tsakiyar unguwarmu, da itatuwa da kujerun siminti da wurin da yara ke buga ƙwallo. Watanni biyu da suka wuce muka ga ma'aikatan safiyo suna awo, yanzu kuma an kafa allo cewa za a gina rukunin shaguna da gidaje. Mun kafa kwamiti, ni ce sakatariya. Mun tara sa hannun mutum fiye da 600 mun kai wa hukuma, amma shiru kake ji. Matasa na cewa a fita zanga-zanga, dattawa na cewa a bi a sannu. Akwai abin da za mu iya yi, ko mu haƙura?

Wa alaikumus salam, Malama sakatariya. Sannunku da ƙoƙari. Kada ku haƙura tukuna. Amma bari in fara da abin da ba zai yi miki daɗin ji ba: sa hannun nan 600, in shi kaɗai ne, ba zai hana a ɗora ko bulo ɗaya ba. Na daɗe ina aikin tsara birane, na zauna a teburin da ake karɓar irin takardarku, na san inda take kwana. Akan buga mata hatimi, a sa ta a fayil, a rufe. Ba lallai don mugunta ba. Jami'in da ya karɓa ba shi da wata doka a gabansa da ta ce in sa hannu ya kai kaza a fasa aiki. Abin da ke ɗaure masa hannu daban ne, kuma a kansa nake so mu tsaya.

Mutanen unguwa sukan ɗauka ranar da katafila ta shigo ita ce ranar da aka ƙwace musu fili. Ba haka abin yake ba. A ofis ake ƙwace fili, a kan takarda, watanni ko shekaru kafin kowa ya ji ƙarar inji. Ko'ina aka je a duniya hanyar kusan ɗaya ce. Da farko a sauya wa wurin suna a taswirar birni, daga filin jama'a ya koma wurin kasuwanci ko na gidaje. Sai hukumar da ke riƙe da shi ta ce ba ta da sauran buƙatarsa. Sai a sayar, ko a ba da hayar shekaru masu yawa, wadda ga mai rai a yau ba ta da maraba da sayarwa. Daga nan mai ginin ya nemi izinin gini, ya nemo kuɗi wajen banki ko abokan jari, ya ɗauko ɗan kwangila. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai mai riƙe da alƙalami, akwai ranar sa hannu, akwai kuma sharuɗɗan da doka ta ce a cika kafin a sa hannun. Kafin ku sake kiran taro ko ku rubuta kwali ɗaya, ku san wane sa hannu aka riga aka yi, wanne ya rage, kuma a hannun wa alƙalamin yake. Kwamitin da bai san wannan ba, sallama yake ta rafkawa a ƙofar gidan da ba kowa.

Ki ware mutum biyu ko uku masu haƙurin zaman benci a ofis. In kuna da tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, ko akawun lauya, ko wanda ya taɓa aikin safiyo, to kun tsinci dami a kala, don sun san wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa da yadda ake magana da mai ajiyar fayil. Su nemo takardar mallakar filin a ofishin rajistar filaye, da taswirar da aka yanka unguwar da ita tun asali, da bayanan zaman majalisar da aka tattauna batun, da kwafin izinin gini in an bayar. Ƙasashe da yawa suna da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan bayanai daga hukuma. In taku tana da ita, ku nema a rubuce, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku da kwanan wata. Ko ba su amsa ba, shirun nasu ya zama hujja a hannunku.

Abin da za su dawo da shi ne zai gaya muku irin faɗan da ke gabanku. In filin na hukuma ne kuma an rubuta shi a matsayin wurin shaƙatawar jama'a, kuna da ƙafar tsayawa sosai, don a dokokin ƙasashe da dama hukuma amana aka ba ta, ba ta da ikon sayarwa yadda mutum ke sayar da gonarsa. In na hukuma ne amma ba a taɓa rubuta shi da wannan sunan ba, mutane ne kawai suka saba da shi, aikin ya ƙara wuya. In kuwa mallakar wani ne da ya bar ku kuna amfani da shi, to maganar ta koma ciniki da lallashi da duba ko izinin ginin ya bi ƙa'ida.

Don ki ga nauyin tsohuwar takarda, ga abin da ya faru a garin Shrewsbury na Ingila. Majalisar garin ta sayar wa wani mai gini wani yanki na filin wasan Greenfields a 2017, aka kuma ba da izinin gina gidaje 15. Mutanen unguwar suka shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu suna tono, suka gano tun shekarun 1920 aka mallaki wurin don shaƙatawar jama'a. Dokar ƙasar ta 1972 ta ce kafin majalisa ta rabu da irin wannan fili, sai ta buga sanarwa a jaridar yankin makonni biyu a jere, ta kuma saurari ƙorafin mutane. Majalisar ba ta yi ba. Wani mazaunin unguwar ya kai ƙara, aka yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda a watan Maris na 2023 ta soke izinin ginin, ta ce haƙƙin jama'a a kan filin bai faɗi ba tunda ba a bi hanyar da doka ta shimfiɗa ba. Ki lura, ba kyawun ciyawar wurin ne ya ci shari'ar ba, ba kuma yawan masu kuka ba. Sanarwar jarida ce da majalisar ba ta buga ba. Irin wannan giɓin ya fi yawa fiye da yadda ake zato, musamman inda aka yi cinikin cikin gaggawa ko a ɓoye, don mai sauri shi ke tsallake layi.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. A Ingilar dai akwai dokar 2006 da ta ba mutanen unguwa damar yi wa fili rajista a matsayin dandalinsu in sun nuna sun yi shekara 20 suna wasa da shaƙatawa a cikinsa, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da izinin kowa ba. Da mutane suka riƙa amfani da ita suna tare gine-gine, sai aka yi mata gyara a 2013: da zarar an bayyana takardar neman izinin gini a kan fili, ƙofar rajistar ta rufe. Wanda ya yi tun da sauran zaman lafiya ya tsira, wanda ya jira ganin allo ya makara. Haka lamarin yake a kusan kowace ƙasa ta fuskar wa'adi. Lokacin shigar da ƙorafi kan izinin gini kwanaki ne ƙidayayyu, na ƙalubalantar hukuncin hukuma a kotu makonni ne ko 'yan watanni. Kin ce watanni biyu ke nan da ganin masu awo. Wannan ne ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki. Ku ga lauyan da ya san harkar filaye a cikin makon nan, ko don ya gaya muku ranar da ƙofa za ta rufe.

Yanzu ga wani abu da na sha gani da idona. Kafin a sayar da filin jama'a, sai an fara kashe shi a zukatan mutane. A daina gyaran fitilu, a daina kwashe shara, kujera ta karye a bar ta, ciyawa ta yi tsawo. Mata da yara su janye, 'yan shaye-shaye su maye gurbinsu. Bayan shekara biyu ko uku sai wani ya tashi a zaman majalisa ya ce wurin ya zama juji da maɓoyar ɓata-gari, gara a ba mai jari ya raya shi. Wani lokaci da gangan ake yi, wani lokaci rashin kuɗi ne da rashin kula, amma sakamakon ɗaya ne. Na taɓa zama a wani taro inda mai neman fili ya zo da hotuna goma sha biyu, duk an ɗauke su da tsakar rana a ranar aiki, ba kowa a wurin sai leda da iska ke kaɗawa. Mutanen unguwar suna ta rantsuwa cewa da yamma wurin cika yake maƙil, amma ba su zo da ko hoto ɗaya ba. Gani ya kori ji, kuma abin da aka gani a ranar hotunan mai jari ne.

To ku riga shi. Ku samo littafi, ku raba wa juna lokuta, ku yi mako biyu ko uku kuna ƙidaya masu shiga filin da safe da yamma da ranakun hutu: yara nawa, mata nawa, tsofaffi nawa, me suke yi. Ku ɗauki hotuna masu kwanan wata, amma ku nemi yardar iyaye kafin ku ɗauki fuskar yaro. Ku zauna da dattawan da suka fi kowa daɗewa, su faɗi tun yaushe ake amfani da wurin, a rubuta su sa hannu. Tsofaffin hotunan da ke cikin akwatunan mutane suna da daraja a nan. Ku ƙirga itatuwan, ku auna kaurinsu. Ku lura da inda ruwan sama ke bi ya kwanta, don filin da ba a shafe da siminti ba yana shanye ruwan da in babu shi cikin gidajen maƙwabta zai shiga, kuma hujjar ambaliya tana shiga kunnen injiniyoyin hukuma fiye da hujjar inuwa da iska mai daɗi. Sannan ku auna tazarar da ke tsakaninku da wani filin mafi kusa. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar mazaunin birni ya sami koren fili na jama'a, mai girman aƙalla rabin hekta zuwa hekta ɗaya, cikin tazarar mita 300 daga gidansa. In naku ya tafi, mita nawa yaro zai taka, titi nawa zai tsallaka? Wannan lissafin shi ne ƙorafi. Sa hannun 600 kuma sai ya zama rakiya a bayansa, a nan ne yake da amfani.

In aka kawo muku zancen ɓata-gari, akwai amsa. A birnin Filadalfiya na Amurka an yi gwaji a kan ɗaruruwan filayen da aka yi watsi da su: wasu aka share, aka shuka ciyawa da 'yan itatuwa, aka kewaye da gajeren shingen katako, aka ci gaba da kula da su, wasu kuma aka bar su yadda suke. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna harbe-harben bindiga sun ragu da kashi 29 cikin ɗari a kewayen filayen da aka gyara a unguwannin matalauta. Ashe maganin filin da ya lalace tsintsiya ce da fitila. Ku ma ku fara tun yanzu, ku yi gayyar shara, ku gyara kujerun, ku shirya gasar ƙwallo ta yara. Filin da ke cike da mutane kowace yamma yana da wuyar kira kango.

Batun kotu kuwa, ku je, amma ku san abin da kuka je nema. Alƙali ba ya yanke hukunci kan ko shaguna sun fi itatuwa amfani. Abin da yake dubawa shi ne ko hukuma tana da ikon yin abin da ta yi, ko ta bi matakan da aka gindaya mata, ko ta auna abin da doka ta ce ta auna. A Memphis ta Amurka an so a ratsa babbar hanyar mota mai lamba 40 ta tsakiyar filin Overton. Wata 'yar ƙaramar ƙungiyar mazauna birnin ta riƙe layi ɗaya a dokar sufuri ta 1966, wanda ya hana kashe kuɗin tarayya wajen bin hanya ta filin shaƙatawa sai in babu wata mafita mai yiwuwa kuma mai ma'ana. Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 1971, ta ce a koma a duba ko da gaske ministan sufuri ya auna hakan. Har yau hanyar ba ta bi ta filin ba, kewaya shi ta yi. Amma ki sa a ranki cewa galibi abin da kotu ke bayarwa lokaci ne. Tana iya soke izini yau, hukuma ta gyara kuskurenta ta sake bayarwa baɗi. Lokacin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, don mai gini da kuɗin bashi yake aiki, kowane wata na jinkiri yana cin aljihunsa, zaɓe yana ƙaratowa, jami'ai suna sauyawa.

Kuma ana iya faɗuwa a kotu a ci nasara a waje. Labarin da na fi so in ba masu irin matsalarku shi ne na Wangari Maathai, mai fafutukar kare muhalli ta Kenya. A 1989 ta sami labarin za a gina bene mai hawa 60 a filin Uhuru da ke tsakiyar Nairobi, har da katafaren mutum-mutumin shugaban ƙasa Daniel arap Moi, kuma jam'iyya mai mulki ce da kanta ke bayan aikin. Ta kai ƙara, kotu ta kore ta a watan Disamba na shekarar, ta ce ba ta da hurumin yin ƙara a madadin jama'a. 'Yan majalisa suka yi mata ba'a, aka kori ƙungiyarta daga ofishinta. Amma tun kafin ta je kotu ta riga ta zauna ta yi ta rubuta wasiƙu, zuwa ga ministoci da jaridu da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da jakadun ƙasashen da kuɗin zai fito daga wajensu, tana tambayar yadda za a yi a Nairobi abin da ba za su yarda a yi a manyan filayen Landan ko Niyok ba. A farkon 1990 masu zuba kuɗin daga waje suka janye, aikin ya mutu. Ta gane alƙalamin da ya rage ba a hannun alƙali yake ba, yana hannun mai ba da bashi. Shekaru bayan haka, kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ba kowa damar kai ƙara kan muhalli ba tare da ya nuna asarar da shi kansa ya yi ba. Wannan batun hurumi ki tambayi lauyanku a kansa tun a zaman farko: wa ya kamata sunansa ya hau takardar ƙara, maƙwabcin da katangarsa ke jingine da filin, ko ƙungiya mai rajista?

Wani alƙalamin kuma yana hannun masu aikin ginin. A 1971, a wata unguwa ta birnin Sidni a Ostareliya, mata 13 suka tashi kare wani ɗan kurmi da ake kira Kelly's Bush daga kamfanin gidaje. Sun bi majalisa, sun bi gwamnatin jiha, ba su samu ba. Sai suka je wajen ƙungiyar leburorin gini ƙarƙashin Jack Mundey. Leburorin suka ce in taron jama'ar unguwa ya nuna da gaske mutane ba sa so, ba za su taɓa wurin ba. Aka yi taron, suka ƙi aikin. Kurmin yana nan har yau. Matan nan masu hali ne, leburorin kuwa ba ajinsu ɗaya ba, ba kuma siyasarsu ɗaya ba. Wannan darasi ne ga kwamitinku: ku duba wa ke da abin rasawa in filin ya tafi, ko da ba ku saba zama inuwa ɗaya ba. Makarantar da ɗalibanta ke motsa jiki a wurin, likitocin da ke tura masu hawan jini da ciwon suga su riƙa tattaki, masu shagunan da sababbin shaguna za su karya musu kasuwa, masu gidajen da ruwa zai shiga.

Kada in ba ki labaran nasara kaɗai, in zama na yaudare ki. A kudancin Los Anjalas ta Amurka an taɓa samun wata gonar jama'a mai eka 14 da iyalai wajen 350 suke nomawa. A 2003 hukumar birnin ta mayar wa wani ɗan kasuwa filin a wani sulhu da aka ƙulla a zaman sirri, kan dala miliyan 5 da 'yan kai. Manoman ba su farga ba sai da aka gama. Suka yi zanga-zanga, fitattun mutane suka zo suka tsaya musu, aka yi ta neman kuɗin saye bayan mai filin ya sa masa farashin sama da dala miliyan 16. A watan Yuni na 2006 aka fitar da su da ƙarfi, katafila ta bi ta kan shukokin. Ihu ne bayan hari, don sa hannun da ya kashe su an yi shi shekara uku kafin nan. A Niyok kuwa, da magajin gari Rudy Giuliani ya sa lambunan unguwanni sama da 100 a gwanjo a 1999, ƙararraki a kotu sun riƙe lamarin har wasu ƙungiyoyi biyu suka saye su ana gobe gwanjon. Bambancin biyun bai wuce wannan ba: a ɗaya an farga filin yana hannun hukuma, a ɗayan an farga ya riga ya fita.

To, matasa ko dattawa, wa ya fi gaskiya? Kowannensu ya riƙe rabi. Taron jama'a yana da amfani in an ɗora shi a kan wata rana da wani mutum: ranar da majalisa za ta zauna kan batun, ku cika zauren da harabarsa, cikin natsuwa, da iyaye mata da tsofaffi a gaba, kowa ya san jimla biyun da zai faɗa in ɗan jarida ya miƙo masa makirfo. Zanga-zangar huce haushi kuwa, wadda ba ta da wanda take nufi, tana gajiyar da mutane, kuma jifa ɗaya ya isa a sauya labarin daga fili zuwa tarzoma. Kada kowa ya taɓa allon nan, ko shingen kwano in an kafa, ko injin ɗan kwangila, don wannan ne abin da ɗaya ɓangaren ke jira. Filin Gezi na Santambul yana nan, ba a gina shi ba bayan boren da ya tashi a ƙarshen watan Mayu na 2013, amma an rasa rayuka, dubbai sun ji rauni, kuma a 2022 aka yanke wa ɗan kasuwa kuma ɗan fafutuka Osman Kavala ɗaurin rai da rai kan zargin da ya shafi boren. Ku san ƙasarku, ku san dokar taro a cikinta, kada ku sa 'ya'yan mutane a gaban abin da ba ku shirya ɗaukar nauyinsa ba. Su kuma dattawa a gaya musu cikin ladabi cewa bi a sannu ba ya nufin jiran alƙawarin baki. Duk ganawar da aka yi da jami'i, a je mutum uku, a dawo a rubuta masa wasiƙa cewa ga abin da muka fahimta kun faɗa. Matasan nan masu zafin jini su ne za su yi muku ƙidaya da hotuna da yaɗa labari a Facebook da WhatsApp, su kuma sa ido dare da rana, don an fi son sare itatuwa da asuba ko a ranar hutu lokacin da kotu ke rufe.

Akwai kuma gaskiyar da masu kare fili ba sa son a faɗa. Wani lokaci abin da za a gina abin buƙata ne. Mutane na neman gidaje, asibiti ba abin wasa ba ne, kuma wanda ke kwana a ɗakin haya da 'ya'ya shida ba zai ji tausayin kujerar shan iskarku ba in kuka nuna ba ku damu da shi ba. Kada ku tsaya a kan a'a kawai. Ku nemo wani wurin da za a iya yin ginin, tsohuwar ma'aikata da ta mutu, ko filin ajiye motoci, ko kangon hukuma, ku kai shi teburin. Jami'in da ke son ja da baya yana buƙatar hanyar da zai bi ba tare da ya ji kunya ba, ku share masa ita. Za kuma a zo muku da tayi: a bar muku rabi, ko a ba ku wani fili a madadinsa. Ba na cewa ku ƙi kowane sulhu, wani lokaci rabin shi ne iyakar abin da za a iya samu. Amma ku tambaya: a ina madadin yake, yaro zai iya zuwa da ƙafa? Girmansu ɗaya? An rubuta shi da sunan jama'a kafin a fara gini, ko sai bayan an gama? Itacen da ya shekara 40 ba a musanya shi da dashe goma da za su bushe kafin shekara ta zagayo. Alƙawarin da ba a sa a cikin sharuɗɗan izinin gini ba, ki ɗauka ba a yi shi ba.

Ki kula da cikin gida ma, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanya mafi sauƙi ta kashe kwamiti ita ce a kira mutum ɗaya gefe a yi masa alƙawarin shago a sabon ginin. Ku yi ƙa'ida tun yau cewa ba mai ganawa da mai ginin shi kaɗai. Kuɗin da aka tara a rubuta, a karanta a gaban kowa duk zama. 'Yan siyasa za su zo, ku karɓi taimakon kowa, kada ku ɗauki tutar kowa.

In Allah ya ba ku nasara aka janye aikin, kada ku watse, don janyewa ba kariya ba ce. Mutanen Balin ta Jamus sun fahimci haka. Da aka rufe filin jirgin saman Tempelhof a 2008 aka buɗe shi ga jama'a a 2010, gwamnatin birnin ta so gina gidaje a gefe-gefensa. Mazauna birnin ba su tsaya roƙo ba, suka rubuta daftarin doka da kansu, suka tara sa hannu sama da 185,000, wanda a can doka ta ce in ya kai adadi dole a yi ƙuri'ar raba gardama. Aka yi ta ranar 25 ga Mayu, 2014, kusan kashi 64 cikin ɗari suka zaɓi a bar filin mai sama da hekta 300 yadda yake. Kin ga inda sa hannu ke da haƙori, wato inda doka ta ɗaura masa sakamako. Duk da haka, da matsalar gidaje ta tsananta, maganar gina gefen filin ta sake dawowa bakin 'yan siyasar birnin. Ku naku abin nema shi ne a mayar da sunan wurin filin jama'a a taswira, a yi masa takarda, a kafa masa turakun iyaka, a kuma rubuta yarjejeniyar kula da shi tsakanin hukuma da ƙungiyarku.

Gobe da safe, Malama, ki je gaban allon nan da biro da takarda. Ki kwafe duk abin da ke jiki: sunan kamfanin, sunan hukumar da ta ba da izini, lambar izinin, da kwanan wata. In babu lambar izini a jiki, ki ɗauki hotonsa yadda yake, shi ne abu na farko da za ki nuna wa lauya. Abin da kuka samo a ofishin filaye kuma ki rubuto min, mu duba wane alƙalami ne bai sauka ba tukuna.